Zuwa ga Ministan Lafiya: wa ke riƙe da rajistar masu faɗuwar gaba?

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Allah ya taya ka riƙo. Ni tsohon majo ne, na yi ritaya, ina zaune a Tawa. Rage kuɗin ganin likita da rabi da aka yi a 2024 talaka ya gani a ƙasa, mun gode. Gaisuwar ke nan, don abin da ke tafe da ni ba mai daɗi ba ne.

Ɗiyar ƙanena tana da yara uku. Mijinta ya tafi ci-rani Libiya, kamar yadda mazan Adar suka saba, sai aka yi wata biyu wayarsa ba ta shiga. Daga baya ya kira, lafiyarsa lau. Ita ce ba ta koma daidai ba. Tana cikin daka, ko tana kwance tsakar dare, sai gabanta ya yanke ya faɗi, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo mata, yatsu su ɗauki sanyi. A lokacin ko rantsuwa ka yi mata ba ta yarda cewa ba ajali ne ya zo ba. Har amanar autanta ta taɓa ba uwarta. Minti goma zuwa sha biyar abin ya lafa, ya bar ta da zullumin yaushe zai dawo. Yau ba ta zuwa kasuwa, ba ta shiga gidan biki, kabu-kabu ma ta daina hawa.

Karnenta na likita na gabana ina wannan rubutu. Zuwa bakwai cikin wata huɗu, a wata likitar unguwa da ba zan kira sunanta ba. An yi mata gwajin palu sau biyar, duka babu. Tansiyo daidai. Ordinansi kuwa ga su nan a jere: farasetamol, maganin ƙarin jini, bitamin, farasetamol kuma, sai na ƙarshe diyazefam, maganin kwantar da jiki. Hannu huɗu ne suka yi rubutu a karnen nan, kuma da gani babu wanda ya juya shafin baya ya duba abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Na ƙarshen ya ce mata: "Ba ki da komai, ki rage tunani." Sai ka ce gishirin miya ne, a rage ɗan kaɗan.

Daga nan aka koma wajen malam, ruƙiyya da rubutun sha, sannan wata tsohuwa ta ce iska ce, aka sai da akuya. Ban ga laifinsu ba. Malamin nan ya zauna ya saurare ta har ta gama, ya kuma ce ta dawo ran Alhamis. Mu masu farar riga ko ɗaya daga cikin biyun ba mu yi mata ba.

Na ce "mu" da gangan. Ni ma na yi haka shekara da shekaru. Layi har bakin ƙofa, yara na suma da zazzaɓi, mai naƙuda na jira, sai ga mace ta shigo a karo na biyar tana cewa zuciyarta na bugawa. Sai in auna ta, in rubuta wani abu don kada ta fita hannu biyu, in ce na gaba. Ba a koya mini sunan cutar ba, ba ni da lokacin zama da ita, ba ni da wanda zan tambaya. Sai da abin ya shigo gidanmu na koma karatu da tsufana, kuma abin da na tarar ya ƙara mini takaici, don ashe hanyar an daɗe da share ta.

Alƙaluman OMS, Hukumar Lafiya ta Duniya, ka fi ni saninsu: mutum miliyan 301 ke fama da ciwon fargaba a duniya a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Yawancinsu ba wajen likitan ƙwaƙwalwa suke fara zuwa ba. Wajen majo suke zuwa, da kukan ƙirji, da ciwon kai, da rashin barci. Shi ya sa tun shekarun 1990 wani likita mai suna Wayne Katon da abokan aikinsa a jami'ar Washington da ke Seattle suka tsara abin da suke kira kulawa ta haɗin gwiwa. Da Hausa ni aikin gayya nake ce mata. Mutum uku ne, kamar duwatsun murhu. Akwai majo ko likitan da mara lafiya ya saba da shi, shi ke gano ciwon, ya tabbatar ba ƙarancin jini ba ne ko ciwon maƙoƙo ko tramol, ya rubuta magani in da bukata. Akwai mai bibiya, wanda ke riƙe da rajista, ya zauna da mara lafiya ya koya masa yadda zai sassauta numfashi da yadda zai tunkari abin da yake gudu kaɗan-kaɗan, ya kira shi a waya in bai zo ba. Sai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ba sai ya ga kowa ido da ido ba: sau ɗaya a sati ya bi rajistar tare da mai bibiya, su tsaya kan waɗanda ba su samu sauƙi ba, ya ce a ƙara wannan, a canza wancan, wannan kuma a turo mini shi.

An gwada. A 2010 an buga sakamakon wani gwaji a Amurka kan mutum 1004 masu ciwon fargaba a ƙananan asibitoci 17, waɗanda aka yi wa gayyar suka fi samun sauƙi. A 2012 masu bitar binciken lafiya na ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 79, mutum sama da 24,000, suka iske haka nan ga fargaba da ciwon baƙin ciki. Na san za a ce wannan ai Amurka ce. To a Goa ta Indiya mutanen gari aka horar suka yi bibiyar. A Harare, likita Dixon Chibanda kakanni mata ya zaunar kan benci a harabar asibiti, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna aikinsu na ci. Zimbabuwe ba ta fi mu kakanni ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ranka ya daɗe, shi ne mun iya wannan aiki. Kullum muna yin sa, ga wasu cututtukan. Mai tarin fuka yana da rajista, wata shida muna biye da shi, in ya yi fashi a tashi mutum ya nemo shi har gida. Yaro mai tamowa muna ɗaura masa ma'aunin dantse, mu ɗora shi a sikeli duk sati, in bai ƙaru ba mu tura shi gaba. Ƴan sa-kai na ƙauye suna bi gida-gida da damina suna ba yara maganin rigakafin palu. Fargaba ma tana da nata ma'aunin dantsen: tambayoyi bakwai ne da ake kira GAD-7, kan yadda mutum ya ji cikin sati biyun da suka wuce, maki daga 0 zuwa 21, in ya kai 10 sai a tsaya a duba da kyau. Minti uku ya isa. Ba ya cin lantarki, ba ya bukatar firij. To me ya hana mai faɗuwar gaba samun layi ɗaya a rajistar CSI, wato ƙaramar likitar unguwa ko ta ƙauye?

Kuma bibiyar ba ado ba ce. Magani irin fuluwoksetin sai ya yi makonni kafin a ji amfaninsa, wani lokaci ma a kwanakin farko ya ƙara tayar da hankali. In babu wanda ya gaya wa mutum haka, babu wanda ya kira shi a sati na biyu, zai jefar da kwalin ya ce maganin bai karɓe shi ba. Diyazefam kuwa nan take yake kwantarwa, shi ya sa hannunmu ke saurin kai wa gare shi, shi ya sa kuma jiki ke sabawa har ya kasa bari. OMS da kanta, da ta ƙara babin fargaba a ƙa'idojinta na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙananan asibitoci (mhGAP) a 2023, ta ce kada a riƙe shi a matsayin maganin wannan ciwo. Ɗiyar ƙanena da ya ƙare mata, wajen mai tallar magani a faranti ta aika yaro ya sayo.

Bari in tuna maka alkawari. A 2013 ƙasashen OMS, har da tamu, suka amince da shirin lafiyar ƙwaƙwalwa a babban taronsu na Janeba, aka kuma tsawaita shi zuwa 2030, da burin kashi 80 cikin ɗari na ƙasashe su shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. Ma'aikatarka na da shirin ƙasa na lafiyar ƙwaƙwalwa. Ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ba ta wuce mu, akwai jawabi, akwai riguna da huluna. Atilye ma ana yi, a ɗaki mai sanyi, a sha kofi, a karɓi kuɗin zama da takardar shaida. Madalla. Sai majo ya koma bakin aikinsa ran Litinin ya tarar da layin nan dai, ba mai bibiya, ba lambar da zai kira, sai takardar shaida a bango.

In kuma amsar ita ce a tura su Yamai, to daga Tawa kilomita ɗari biyar da wani abu ne, a bi ta Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso. Likitocin can kaɗan ne, kuma masu ciwo mai tsanani sun ishe su. Ka kuma san abin da sunan Pavillon E, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin Yamai, ke nufi a bakin mutane. Matar aure da aka ji an kai ta can, kafin ta dawo dangin miji sun gama yanke mata hukunci. Ita ba taɓin hankali gare ta ba, tsoro ne ya yi mata katutu, kuma ana warkewa.

Don Allah, ranka ya daɗe. Wannan jiha ce da aka kashe mutum 137 rana ɗaya a ƙauyukan yankin Tiliya cikin Maris na 2021. Waɗanda suka tsira suna nan, wasu ko ƙarar babur suka ji sai cikinsu ya ɗuri ruwa. Su ma farasetamol za mu ci gaba da ba su?

Ba sabon gini nake roƙo ba. A zaɓi gunduma ɗaya a jihar nan a fara. Kowace CSI a ware mutum guda, ko anfarme ko ungozoma ko ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, a rage masa wani aikin, a ba shi rajista da kuɗin waya. A ɗaura wa likitan ƙwaƙwalwa guda awa biyu a sati ya amsa kiransu, a rubuta shi cikin aikinsa, kada ya zama alfarma. Bayan shekara a ƙirga nawa makinsu ya sauka, a buga mu gani. Akwai sauran ƙananan abubuwa, maganin ya riƙa samuwa a farmasin CSI, tambayoyin nan a mai da su Hausa da Tamashek da Fulatanci da Zabarmanci, rahoton wata-wata ya samu gurbin wannan ciwo, amma a fara da mai rajistar.

Kafin nan ni na zama mai bibiyar ɗiyar ƙanena. Na sayi littafin ƴan lakkol na ja layuka. Ranar farko makinta 17, satin jiya 12, kuma ta kai bakin kasuwa tare da uwarta, ko da yake ba ta shiga ba. Diyazefam ɗin ne ban san yadda zan janye mata shi ba tare da na jawo wata matsalar ba, kuma tsohon majo bai kamata ya yanke wannan shi kaɗai ba. Ran Laraba za ta dawo. Wa zan kira?

Wassalam,
Wani tsohon majo, Tawa.