Mai sandar nan ba rawa yake yi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili, akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka saka bidiyon okestira, wato taron makaɗan nan da sukan kai tamanin ko ɗari, sai ka ga mutane a ƙasa suna ta dariya wai shi wancan mai baƙar kwat ɗin da ya ba jama'a baya yana kaɗa ɗan tsinke meye aikinsa, ai ko ba shi za su yi kiɗansu. Wallahi ba haka abin yake ba.

Abin da kake gani a dandamali ƙarshen aiki ne. Ainihin wahalar a rihazal take, wato gwajin da ake yi kafin ranar wasa, inda zai tsayar da mutum ɗari saboda masu busa sun danne masu goge, ya ce a koma baya, a sake, a sake kuma. Kowane makaɗi layinsa kaɗai ke gabansa a takarda, shi kuwa jagoran littafinsa na ɗauke da layin kowa da kowa a jere daga sama har ƙasa, hannun dama na riƙe da lokaci, na hagu na cewa kai shigo, ke sassauta, wani lokacin ma da ido kawai zai yi magana. In opera ce abin ya fi tsanani, don makaɗan suna cikin rami a gaban dandamali, mawaƙan na sama suna wasan kwaikwayo suna rerawa, in mawaƙiya ta ja numfashi ta ɗan makara to shi ne zai riƙe kowa har ta iso.

Kuma ba a kwana ɗaya ake hawa wurin ba. Da yawansu a gidan opera suke farawa, suna buga fiyano suna koya wa mawaƙa baitinsu shekara da shekaru ba wanda ya san da zamansu. Karajan da ya riƙe babbar okestirar Balin daga 1955 har 1989, a ɗan ƙaramin gidan opera na garin Ulm a Jamus ya soma a 1929.

Labarin da aka fi so a bayar shi ne na Toscanini ɗan Italiya. A 1886 a Rio ta Birazil, yana ɗan shekara 19, makaɗin babban gogen nan ne da ake ce wa celo, rigima ta kaure ’yan kallo suka ƙi yarda da wanda aka kawo ya ja ragama, aka tura shi gaba ya jagoranci operar Aida gaba ɗaya da ka. Mutane sai su ce sa'a. Wace irin sa'a, yaron da ya haddace opera sukutum tun ba a tambaye shi ba? Abin da ya fi burge ni ma, bayan duk wannan tafin ya koma kujerarsa, a 1887 yana cikin masu celo a gidan opera na La Scala a Milan ranar da aka fara nuna operar Otello ta Verdi. Haka Bernstein ɗan Amurka a 1943, yana da shekara 25 Bruno Walter da zai jagoranci wasan ya kwanta rashin lafiya, aka kira shi ya ja okestirar New York ba rihazal, ga shi ana watsawa a rediyo kai tsaye.

Sai dai gaskiya sana'ar tana da nata son kai. Sai a 2007 mace ta fara riƙe ɗaya daga cikin manyan okestirorin Amurka, Marin Alsop a Baltimore. Dean Dixon kuwa, baƙar fatar Amurka, da ya ga ƙofa ta ƙi buɗuwa a gida tattarawa ya yi ya tafi Turai a 1949, can ya samu shugabanci a Suwidin da Jamus.

Roƙona Malam Edita, shafinku na al'adu ya riƙa taɓo irin waɗannan mutane ko da sau ɗaya a wata ne, a fara da Dixon ɗin nan in da hali.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karatunku a kullum