Zuwa Ga Malam Habibu a Inugu, Kan Littattafan Yaƙin Basasa

Kano, daren Lahadi.

Aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina neman afuwa a kan jinkirin amsa, domin tambayarka ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce tun da aka mayar da kai Inugu, duk ranar da hira ta gangaro kan yaƙin Biyafara a ofis sai ka koma ɗan kallo, abokan aikinka suna jero garuruwa da ranaku, kai kuwa ba ka da komai sai ɗan abin da muka tsinta a zauren Kawu. Ka nemi in zaɓa maka littafi guda ɗaya mai daɗin karatu. Da na ga "guda ɗaya" sai da na yi dariya, don na san mai maganar, shi ne ya riƙe mini littafi shekara huɗu bai wuce shafi na talatin ba.

Guda ɗaya ba zai ishe ka ba, amma wanda za ka fara da shi shi ne The Nigerian Civil War na John de St. Jorre, wanda ya fito a 1972. Bature ne ɗan jarida da ya ga yaƙin ta ɓangarorin biyu, kuma yana ba da labari dalla-dalla ba tare da ya cika ka da lambobin bataliyoyi ba. Zai ɗauko ka daga juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, wanda aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, ya bi da kai ta juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli, da zaman sulhu na Aburi a Gana, da shelar ɓallewa da Ojukwu ya yi ranar 30 ga Mayu 1967, har zuwa miƙa wuya a Janairun 1970. Nawa na same shi ne wurin wani dattijo mai baza tsofaffin littattafai a Sabon Gari, bangon ya rabu, gara ta ci gefen shafukan ƙarshe, sai da na kai aka ɗinke mini shi.

Na tabbata a can za a miƙo maka The Biafra Story na Frederick Forsyth. Karɓi ka karanta, domin a santsin alƙalami babu kamarsa, a dare biyu za ka gama. Sai dai ka riƙe cewa a 1969 ya fito, ana tsakiyar ɓarin wuta, kuma marubucin na hannun daman Ojukwu ne, bai ma ɓoye inda ya karkata ba. Ni dai na fi jin tsoron littafin da ya cika daɗi a wannan fage, saboda yakan shige mutum kafin ya tuna ya tambayi wane ne mai maganar.

Su kuwa waɗanda suka riƙe bindiga, bibbiyu ake karanta su. A 1980 Obasanjo ya fitar da My Command, a shekarar kuma Alexander Madiebo, wanda ya shugabanci sojan ƙasa na Biyafara, ya fitar da nasa. Idan ka ajiye su gefe da gefe za ka ga kowa ya ja bargo wajensa. Na Obasanjo ma bai tsira daga mutanensa ba, domin a 2013 Alabi-Isama, wanda suka yi runduna ɗaya, ya rubuta jibgegen littafi yana musanta masa abubuwa da yawa. Wannan ba naka ba ne, nauyinsa kaɗai zai kore ka.

Abin da ya hana ni rubutu da wuri shi ne shafukan littafin St. Jorre da suka shafi Kano. Za ka iske kashe-kashen farkon Oktoban 1966, a filin jirgin sama da cikin Sabon Gari, wato unguwar da na sayi littafin. Mu a gida abin da muka taso muna ji kawai shi ne "lokacin araba", a faɗa a wuce. Za ka kuma iske kisan gillar da aka yi wa fararen hula a Asaba a Oktoban 1967, bayan shigar Runduna ta Biyu wadda Murtala yake jagoranta. Na rufe littafin a nan, ya yi mako a kan tabarmar ɗakina ban taɓa shi ba. Ina roƙonka kada ka tsallake wuraren nan, domin su ne abokan aikinka suka taso da su, kamar yadda muka taso da daren da aka shiga gidan Sardauna a Kaduna. Wataƙila kuma ba duka ne cikinsu suka san cewa Ojukwu a Zungeru aka haife shi ba, kuma a wancan daren yana nan Kano yana riƙe da Bataliya ta Biyar, yana kuma abota da Sarki Ado Bayero.

Ka tuna labarin ƙetare kogi da Kawu, Allah ya jiƙansa, yake fara mana idan ya naɗe ƙafar wando yana shafa man zafi a tabon nan, sai ya tsaya daidai inda jirgin ruwan ya kama wuta ya ce mu tashi an kira salla? Sai a littafi na gane cewa yunƙurin ƙetare Neja daga Asaba zuwa Onica yake nufi, wanda aka yi ta maimaitawa ana asarar rayuka. Mun zauna gabansa shekara da shekaru, babu wanda ya ɗauki biro a cikinmu, ga shi yanzu muna neman labarinsa a bakin Bature.

Zan ba direban motar da ke zuwa wajenku ranar Alhamis littafin St. Jorre, na naɗe shi a leda saboda ɗinkin bai da ƙwari. Kai kuma ka nemo mini na Madiebo a can, nawa wani ɗalibi ya ara ya yi gaba da shi. Na ba ka zuwa Babbar Salla, in ka zo ka taho da shi, zan kuma tambaye ka abin da ke bayan shafi na talatin.

Ka gaida Maman Abba da yara.

Naka,
Sabo