Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Cutar Siliyak da Iyayen Yara, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa, iyaye da masu jinya.

Ga bayanin abin da ƙungiya ta gudanar daga Janairu zuwa Disamba 2024, a madadin kwamitin zartarwa. Lissafin shige da fice na kuɗi yana hannun ma'aji, ita za ta karanta shi daban ranar babban taro.

Inda aka sa gaba

A farkon shekara, kusan duk zaman wata da tambaya ɗaya ake buɗe shi: ina za a samu garin burodi ko biskit na ƙasar waje marar gulutin, wato sinadarin cikin alkama da ke lalata hanjin mai cutar siliyak? A da mukan haɗa kuɗi a yi oda gaba ɗaya don a samu rangwame. Bana abin ya gagara. Naira ta faɗi, hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta kai wajen kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekara, ƙaramin kwalin gari ɗaya ya koma kuɗin cefanen gida na kwanaki. Kwamiti ya dakatar da odar, ya karkatar da ƙarfinsa kan abincin gida. Wasu ba su ji daɗi ba, musamman iyayen da yaransu suka saba da biskit ɗin, kuma mun fahimce su.

Duk da haka muna ganin shawarar ta yi daidai. Gulutin a cikin alkama yake da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ba a nomawa a nan. Babu shi a gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acha, tamba, wake, rogo, doya ko dankali. Wato tuwo da miya, fura, koko, dambu, fate, ƙosai, alala da sinasir duk namu ne. Mai wannan cuta a Italiya ko Masar, inda burodi da taliya su ne cimar yau da gobe, ya fi mu shan wuya nesa ba kusa ba. Matsalarmu a nan ba rashin abin ci ba ce. Alkama ce ke shigowa cikin abincinmu ta bayan gida, kuma aikin shekarar nan kusan duka a kan toshe mata hanya ya tafi.

Injin niƙa

Abin da ya ja hankalinmu wajen inji shi ne ƙorafin iyaye da dama da suka rantse sun raba 'ya'yansu da burodi da taliya da indomi da cincin, amma ciki bai daina kumburi ba, zawo na tafiya yana dawowa. Da kwamitin ziyara ya bi gida-gida, kicin tsaf yake. Sai da aka bi 'yar aike zuwa wurin niƙa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar inji ya san yadda take. Mai inji fari fat har gira, robobi da kwanuka jere a ƙasa suna jiran layi, gari na tashi yana sauka a kan kowane buɗaɗɗen mazubi. Ranar da muka je, a gaban idonmu aka juye alkamar wata baiwar Allah da za ta yi alkubus, aka bubbuga mazurarin da tafin hannu sau biyu, aka zuba masarar da ke biye. Garin farko da ya fito launinsa ma ya nuna. Mai injin bai yi laifin komai ba, haka sana'ar take ko'ina. Amma ma'aunin da hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, ta gindaya shi ne kada gulutin ya wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya na abinci kafin a ce babu shi, kuma bincike ya nuna miligiram 50 a kullum, abin da bai wuce ɓurɓushin burodi ba, ya isa ya ci gaba da lalata hanji. Ragowar da ke maƙale a haƙoran inji ta ninka wannan sau da yawa.

Da farko an gwada dabarar riƙo da ɗan gari na sadaukarwa: a fara zuba rabin kwano, a ware abin da ya fito a ba sauran mutanen gida ko kaji, sannan a niƙa na mai lalura. Yana ragewa, amma ba ya kawarwa, kuma ba ma ba da shawarar a dogara da shi. Daga baya muka daidaita da masu inji a unguwanni uku waɗanda dama gero da masara da dawa kaɗai suke karɓa, suka yi mana alkawarin ba za su sa alkama ba. Ɗaya ya saɓa ana gab da azumi, lokacin da niƙan alkama ke kawo ciniki, muka cire shi daga jerin. Ba mu riƙe shi a zuci ba, abincinsa yake nema. Wannan ne ya sa a zaman watan Yuni aka amince a sayi ƙaramin inji na ƙungiya, aka ajiye shi a gidan ɗaya daga cikin iyayenmu mata, ana niƙa ranar Asabar da Laraba. Hatsi kuma ana sayowa buhu-buhu daga Dawanau lokacin kaka, a tsince, a wanke, a shanya, domin ko a buhun gero akan tsinci ƙwayar alkama idan an sake amfani da buhun. Acha tana zuwa mana daga Filato ta hannun wani memba mai zirga-zirgar Jos.

Waɗanda ke nesa da gidan injin, da yawansu sun koma turmi da taɓarya. Wahala ce, babu mai musu. Sai dai a tuna turmin da ake surfen alkama ba zai yi ba, haka rariya da muciya da madambaci: a ware na mai lalura, a yi musu alama.

Girki da sayen abinci a waje

An yi zaman koyon girki kafin azumi, wanda ya kama 11 ga Maris, da kuma wani kafin babbar salla. Wanda ya fi tara jama'a shi ne na ɗanwake. Yawancin matan yanzu da fulawa suka tashi suka ga ana yin sa, har wasu na zaton haka asalinsa yake. Wata dattijuwa cikin kakannin yaranmu ta zauna kan tabarma ta haɗa garin wake da na alabo da kuka da ruwan kanwa, ta jefa a tafasasshen ruwa, ya taso santala-santala bai narke ba. “'Ya'yan nan, kafin fulawa ta yi araha da me kuke zaton muke yi?” in ji ta. An kuma yi waina da sinasir na zallar shinkafa, da kek na garin shinkafa da rogo, da nakiya a madadin alkaki da dubulan. Gurasa ce har yau ba mu samu wadda ta gamsar ba. Wadda aka yi da dawa takan farfashe kafin a kai ga yin bandashe.

Gargaɗin da muka fi nanatawa shi ne na abincin talla. Masu waina da yawa na zuba ɗan hannun fulawa a ƙullu don ta tashi ta yi auki. Mai ƙosai kan soya fanke a man da ta soya ƙosan. Ana samun mai kunun gyaɗa da ke sa alkama maimakon shinkafa. A tambaya da lalama, kuma a ce “fulawa”, “alkama” da “semo” dukkansu, domin wata za ta ce maka ba ta sa alkama ba da zuciya ɗaya, alhali fulawa ta sa. Kayan gwangwani da na leda kuwa sai an karanta jikinsu kowane saye. Lemon malt da garin shayin yara, wani da dawa ake haɗa shi, wani da sha'ir, wani duka biyun. Dunƙulen ɗanɗano ma wasu na ɗauke da alkama. Daddawa ta wadatar.

Mai ba mu shawara kan abinci ta ja hankalinmu ga wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Fulawar da ake sayarwa a Najeriya doka ta sa a ƙara mata sinadarai irin su bitamin A da ƙarfe. Wanda ya bar ta ya bar wannan ƙarin, ga shi dama ƙarancin jini na cikin manyan alamomin cutar. Don haka a riƙa haɗawa da hanta, wake, zogale, alayyahu, ƙwai da kifi gwargwadon hali, kuma maganin ƙarin jini sai da izinin likita.

Gwaji da wayar da kai

Ranar 16 ga Mayu, ranar da ake tunawa da wannan cuta a duniya, mun yi taro da likitan yara da likitan ciki, aka gayyato ma'aikatan jinya daga ƙananan asibitoci. Ɗaya daga cikin likitocin ya bayyana yadda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa ƙaramin hanji idan gulutin ya shiga, har 'yan tsirarrakin da ke tsotse amfanin abinci, masu kama da gashin tawul, su shafe. Ya ba da labarin likitan yaran nan na ƙasar Holan, Willem Dicke, wanda ya lura yara masu cutar sun samu sauƙi lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya, suka sake kwantawa da ya dawo. Ga masu cewa ciwon Turawa ne kuma, ya kawo binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda aka samu kashi 5.6 cikin 100, adadin da ya ninka na duniya, wanda ke wajen mutum 1 cikin 100, fiye da sau biyar. Nahiyarmu ce wannan. Mu ma cin alkama sai ƙaruwa yake, daga burodin safe zuwa taliyar dare.

Sababbin membobin bana kusan labarinsu ɗaya ne. Yaro ya fara ramewa bayan yaye, lokacin da aka fara ba shi biskit da burodi da shayi. A ce haƙori ne, a ce shawara ce, a ce tamowa ce. Babba kuma a yi ta maganin olsa da taifot da basir shekara da shekaru. Roƙonmu ga membobi: idan kun ga mai irin alamomin nan, kada ku ce masa ya bar alkama tukuna. Ku tura shi asibiti. Gwajin jini na tTG-IgA da gwajin zura na'ura ta baki a ɗebo ɗan naman hanji, dukansu sai mutum na cin alkama suke nuna gaskiya. Wanda ya riga ya daina sai an mayar da shi kanta na makonni kafin a gwada, kuma iyayen da suka ga ɗansu ya murmure ba sa yarda da wannan cikin sauƙi. Asusun tallafi ya biya wa wasu iyalai kuɗin gwaji, an fifita 'yan uwan jini na masu cutar, tunda kusan 1 cikin 10 na iyaye, 'ya'ya da 'yan uwan ciki ɗaya kan kasance da ita ko da ba sa jin komai.

Akwai wani rukuni da ke damunmu ƙwarai, wato yara masu ciwon suga nau'i na ɗaya. Siliyak ta fi yawa a cikinsu, ga shi a ƙasar nan da an ce mutum na da suga sai kowa ya ce ya koma tuwon alkama. Mun roƙi ma'aikatan jinyar da suka halarta su riƙa tuna wannan.

Makaranta da sha'ani

Mun shirya takarda mai shafi ɗaya da Hausa da Turanci wadda uwa za ta miƙa wa malamin aji ko uwar ɗakin kwana. A makarantun jeka-ka-dawo ta yi amfani. A na kwana da sauran aiki, domin tukunya ɗaya ce ga kowa, kuma ranar taliya ko burodi yaronmu sai gari da ƙuliƙuli.

Biki da suna sun fi makaranta wuya. “Haba Yaya, ɗan ɓallin alkaki ɗaya zai kashe shi?” Kowace uwa a cikinmu ta ji wannan daga bakin wanda take jin nauyi. Wasu surukai har yau gani suke tsirfa ce ta 'yan boko. Abin da ya fi aiki, bisa ga abin da membobi suka faɗa, shi ne a tafi da kaka ko mahaifi wurin likita su ji da kunnensu, sannan a je sha'ani da kular abinci. Muna so iyaye maza su ƙara fitowa zaman wata. Bana ma kujerunsu ne suka fi zama wayam.

Abin da ya rage

Ziyarar membobin Jigawa da Katsina ba ta yiwu ba saboda tsadar mota, an ɗage ta zuwa bayan ƙaramar salla. Littafin girke-girke an gama tattara shi, kuɗin ɗab'i ake jira. Babban taro zai yanke hukunci kan abubuwa uku: ƙarin kuɗin wata, sayen inji na biyu don membobin da ke hayin Kurna da Rijiyar Lemo, da zaɓen sabon kwamiti, tunda wa'adin wannan ya ƙare. Mai son tsayawa takara ya sanar da sakatare kafin ranar, kuma wanda ake bi bashin kuɗin wata ya daure ya biya, da shi ake sayen man inji.

Muna godiya ga likitocin da ke zuwa mana kyauta, da uwar da ta ba mu ɗaki a gidanta, da matan da ke tsintar hatsi kowane mako. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin iyalan membobi, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa