Kunnen Baba da iyafis na bulutut

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan tsofaffinmu da jinsu ke raguwa. Babanmu a nan Unguwar Rogo ya haura 70, kusan shekara uku kenan in ana hira sai dai ya yi murmushi yana gyaɗa kai, rediyo kuwa sai ya ƙure ta ya manna a kunne, jikoki su ce "Alhaji ga shayi" ya ce "wa ya zo?" Wallahi abin na ci min rai.

To kwanaki ƙanina ya ce ai yanzu iyafis ɗin nan na bulutut suna aikin na'urar ji. Akwai gaskiya a ciki, a Satumban 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince iyafis na kamfanin Apple masu suna AirPods Pro 2 su yi wannan aikin ga masu shekara 18 zuwa sama da matsalarsu ba ta yi tsanani ba. Amma fa sai da iPhone ko iPad, a nan ake gwada kunnen a saita sautin, ga tsada, ga caji da ba ya kai yini, mu da wuta ke yi mana wuya. Jabun da ake sayarwa a bakin titi kuwa ƙara kawai suke yi, mun gwada ɗaya Baba ya cire ya ce kansa na ciwo.

Roƙona ku gayyato likitan kunne ya yi wa jama'a bayani da Hausa, don wani ma datti ne ya toshe masa kunne ba tsufa ba. Mu dai ranar Litinin za mu kai Baba asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, a duba shi tukuna.

Naku,
Mai karatu daga Jos