Ba kowane babban biri ne gwaggon biri ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi gyara kan yadda ake kiran bika da cimfanzi da gorila da suna ɗaya a labarai, wato gwaggon biri. Dabbobi ne daban, kuma haɗa su na jawo ɓarna.

A fara duba wutsiya. Bika, irin wanda ke kwashe wa baƙi abinci a Wikki cikin Yankari, yana da wutsiya, da dogon baki kamar na kare, da jaka a kumatu inda yake tara abinci. Cimfanzi ba shi da wutsiya ko kaɗan. Hannuwansa sun fi ƙafafunsa tsawo, yana dogara da bayan yatsunsa in yana tafiya, kafaɗarsa kuma na juyawa sosai har ya iya reto a reshe. Kowace yamma yakan lanƙwasa rassa ya yi sabuwar sheƙa ya kwana. Haƙoransu 32 ne dukansu kamar namu, amma tsarin turamen ya bambanta, kuma da shi masana ke gane ƙasusuwan da aka tono. A lissafinsu, zuriyar bika ta rabu da ta cimfanzi shekaru miliyan 25 ko fiye da suka wuce, kuma ta fuskar ƙwayoyin gado cimfanzi ya fi kusa da mutum a kan bika.

Abin da ya fi damuna shi ne haihuwa. Macen bika kan haihu kusan duk shekara 2. Ta cimfanzi tana ɗaukar ciki wata 8, ta haifi ɗa guda, ta yi goyo da shayarwa, ba za ta sake haihuwa ba sai bayan shekara 5 ko 6. Don haka idan manomi ya ji haushin bika mai cin masararsa ya harbe uwar cimfanzi, giɓin ba ya cikewa da wuri. Jaririn da ake tallarsa a bakin hanya ma, sai an kashe uwarsa ake samunsa, domin ba ta sakinsa tana raye.

Cimfanzin dajin Gashaka Gumti, tsakanin Taraba da Adamawa, nau'i ne da ba a samu sai a Najeriya da Kamaru. Yana amfani da tsinke wajen ɗebo zuma da kwarkwasa. Irin gorilan da muke da shi a Najeriya kuwa sai a iyakar Jihar Kuros Riba da Kamaru, inda ba su wuce 300 ba.

Don Allah a riƙa kiran kowanne da sunansa, a kuma tabbatar hoton da aka buga na dabbar da ake magana a kai ne.

Naka,
Wani mai karatu daga Jalingo