Labarin halitta ba tatsuniya ba ce

Ya Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan maganar da ke yawo tsakanin wasu 'yan'uwa masu bi, wai surorin farko na littafin Farawa a Littafi Mai Tsarki, masu ba da labarin halitta, misali ne kawai, ba abin da ya faru da gaske ba. Abin nan na ci min tuwo a ƙwarya.

To in Adamu ba mutum ne na gaske ba, wa ya yi zunubin? Manzo Bulus a Romawa 5 ya nuna ta mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo baya, sannan ta mutum ɗaya, Yesu Almasihu, aka sami rai, ka ga ai su biyun a ɗaure suke, ba yadda za ka mai da na farko almara na biyu ya tsaya daram. Kuma in mutuwa ta yi miliyoyin shekaru tana ɗauke mutane kafin a yi saɓo, ba sakamakon zunubi ba ce kenan, to me ya kai Ubangiji kan gicciye?

Shi kansa Yesu da Farisiyawa, wata ƙungiyar addinin Yahudawa, suka zo masa da zancen saki a Markus 10, Farawa ya koma, namiji da mace tun farkon halitta. Luka 3 ya jero asalinsa suna bayan suna har kan Adamu, a wane suna ne tarihi ya ƙare almara ta fara? Ita ma dokar Asabar a Fitowa 20:11 kan kwana shida na halitta aka kafa ta.

Ni ban ce a bar karatun kimiyya ba. Roƙona fastoci da malaman makarantar Lahadi su daina kewaye-kewaye in yara sun kawo tambayar, su buɗe Farawa 1 zuwa 3 su koyar yadda yake a rubuce.

Naku,
Wani mai karatu