Abba, Kada Ka Zama Ɗan Amshi

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan, sai godiyar Allah. Ƙafar tawa da sauƙi, na koma zuwa masallaci ba tare da sanda ba. Damina ta yi albarka, katangar bayan gida ce kawai ta sake tsagewa a wurin nan da ka sani.

A bakin mahaifiyarka na ji an mayar da kai sashen leƙen asiri, ita ma a bakin yayarka ta ji. Na yi fushi na kwana biyu, na huce. Na san aikin ba na shela ba ne, kuma ba zan tambaye ka garin da aka kai ka ba. Abin da ya sa na ɗauki biro wata magana ce da ka yi mini a waya ranar Juma'a, kana dariya. Ka ce ogan naka yana ji da kai, har ya ce a cikin yaransa kai kaɗai ne ba ka taɓa yi masa musu ba. Don in ji daɗi ka faɗa. Ni kuwa tun ranar barcina bai cika ba. Da a waya na ɗauko zancen, "to Baba, to Baba" za ka yi ta yi har kati ya ƙare, shi ya sa na rubuto.

Harsashi ba ya ba ni tsoro kamar yadda kake zato. Ranar da na raka ka Kaduna na riga na bar wa Allah wannan. Tsorona shi ne wata rana idonka ya ga abu, kunnenka ya ji, ka zauna rubuta rahoto, sai ka tuna fuskar oga da abin da ya riga ya ƙudura, ka sassauta kalma ɗaya. Inda ya kamata ka ce "suna zuwa" ka ce "mai yiwuwa". Na san ka, ni na haife ka. Tun kana ƙarami fuskar babba kake fara dubawa kafin ka buɗe baki.

Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi, kuna yi mini dariya wai ba ni da hira sai ta matattu. To yau ka yi haƙuri ka saurari ta matattun.

Ina ajin farko na sakandare aka yi yaƙin Oktoba na 1973. Da azumi ne, muna kewaye da rediyon kakanka bayan shan ruwa. Ranar 6 ga Oktoba, goma ga Ramadan, da ƙarfe biyu na rana, Masar ta tsallaka mashigin Suwez, Siriya kuma ta auka tuddan Golan a lokaci guda. A lokacin murna kawai muke yi. Sai da na girma na karanta na gane cewa Isra'ila ba ta rasa labari ba. Labari har ya yi mata yawa. Sarki Husaini na Jodan da kansa ya je a asirce ranar 25 ga Satumba ya gargaɗi Firaministar Isra'ila, Golda Meir. Jiragen Isra'ila sun ɗauko hotunan igwa da tankoki da kayan haɗa gada jibge a bakin ruwa. Kwana biyu kafin yaƙin Tarayyar Sobiyet ta fara kwashe iyalan mutanenta daga Masar da Siriya cikin gaggawa. Wanda ya ga maƙwabci yana fitar da mata da yara da tsakar dare ai ba ya bukatar boka.

Amma shugaban leƙen asirin sojan Isra'ila, Janar Eli Zeira, ya riga ya kafa wata fahimta a ransa: Masar ba za ta yi yaƙi ba sai ta mallaki jiragen da za su iya kai hari can cikin Isra'ila, Siriya kuma ba za ta shiga ita kaɗai ba. Abin da ya ƙara masa ƙarfi, a wajen watan Mayu na wannan shekarar an yi zaton yaƙi, aka yi shiri aka kashe kuɗi, shi ya ce ba za a yi ba, kuma ba a yi ɗin ba. Daga nan wa zai ja da shi? Duk labarin da ya shigo sai a lanƙwasa shi ya dace da abin da Janar ya faɗa. Tankoki a bakin ruwa, atisaye ne. Misrawa kuma sun iya taku: suka yi ta tara soja suna sallama har ido ya saba, suka buga a jarida cewa hafsoshi masu son zuwa Umra su ba da sunayensu.

Ga wurin da nake so ka tsaya. Akwai wani ƙaramin hafsa, Laftana kamar kai, a rundunar Isra'ila ta kudu, sunansa Binyamin Siman-Tov. Ranar 1 ga Oktoba ya rubuta cewa wannan atisaye rufa-rufa ne, shirin yaƙi ake yi. Ranar 3 ya sake rubutawa. Ogansa ya danne takardun, ba su wuce teburinsa ba. Bayan kwana uku aka ga Misrawa suna narkar da tudun yashin layin Bar Leb, wato shingen tsaron Isra'ila a bakin Suwez, da famfon ruwa, suna shimfiɗa gada. Isra'ila ta farfaɗo daga baya, ta ma tsallaka Suwez ɗin ita ma, amma ta rasa soja sama da 2,500. Kwamitin bincike na Agranat ya sa aka cire Zeira da babban hafsan sojan ƙasar, Golda Meir ta sauka a watan Afrilu na 1974. Ka san ba ƙaunar gwamnatin wannan ƙasa nake yi ba, amma darasi ko a hannun wa ka same shi naka ne. Tsakanin yaron nan da ya rubuta, da ɗimbin hafsoshin da suka ga abin da ya gani suka ja baki saboda Janar ya riga ya yi magana, a wane layi za ka tsaya? Maganar da ka yi mini ranar Juma'a ta nuna mini layin, kuma ban ji daɗinsa ba.

Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ba sai na daɗe a kansa ba. Gargaɗi ya zo masa ta ko'ina cewa Jamus na tafe, har daga ɗan leƙen asirinsa na Tokyo, Richard Sorge. Amma mutumin da ya harbe shugabannin leƙen asirin sojansa na baya, wa zai kawo masa labari mara daɗi da ƙarfin murya? Ranar 22 ga Yuni 1941 Jamusawa suka shigo, suka tarar da jirage a jere a ƙasa. Shugaban da ake tsoro fiye da kima makaho ne, kuma shi ya tsone idon kansa.

Na rubuta wannan jimla na ajiye biro na daɗe.

Na san abin da za ka ce a ranka, ko da ba za ka furta ba. Wa ya koya maka duban fuska? Ban manta ranar babur ba. Kana da shekara goma, ka zo da kanka ka faɗa mini gaskiya, ni kuma na ɗauki bulala. Yayanka da ya yi shiru ya kwana lafiya. Mahaifiyarka ta yi mini magana a daren, na ce ta bar ni da tarbiyyar 'ya'yana. Ba zan ce duk abin da na yi kuskure ne ba. Ni ma haka aka rene ni, kuma ku bakwai ne a kan albashin malamin makaranta, a unguwar da ka san yadda 'ya'yan wasu suka ƙare. Da na sake muku da ba ka kai inda kake ba. Ba ka shaye-shaye, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba, mutane suna yaba ladabinka har ina jin kaina ya yi girma. Amma wannan rana guda, da ana mayar da kwana da na mayar. Na koya maka cewa gaskiya ita ke jawo duka, ga shi yanzu gwamnati ta ɗauke ka aikin da ba komai a cikinsa sai faɗin gaskiya ga wanda ba ya son ji.

Duk da haka ba zan karɓi wannan a matsayin uzuri ba. Kai ba yaro ba ne, da anini a kafaɗarka, da iyali. Kunya ta gida ce, Abba. Ka durƙusa ka gaishe ni, ka ƙame wa oganka, ka bi umarni, duk daidai ne. Amma takardar rahoto ba wurin ladabi ba ce. In fadanci kake so ka yi, ga fada nan a gari, ka dawo in nema maka wuri, a can ba wanda zai mutu don ka ce "gaskiya ne, ranka ya daɗe". Kuma daina faɗa wa mutane cewa ba ka taɓa musu da oga ba kamar wata lambar yabo. Ni kunya ta ba ni.

Ba zan ruɗe ka in ce gaskiya za ta biya ka ba. A watan Satumba na 1944 Birtaniya ta shirya sauke sojojin laima a Arnhem ta ƙasar Holan don su kama gada. Wani Manjo ɗan shekara 25, Brian Urquhart, ya kawo bayanin cewa akwai tankokin Jamus a kusa, ya nace. Manya sun riga sun ɗaura niyya, ba mai son a ɓata musu biki. Sai aka turo masa likita, aka ce gajiya ce ta taɓa shi, aka ba shi hutun jinya. Kimanin mutum 10,000 aka sauke, waɗanda suka samu tsallako kogi suka dawo ba su kai 2,500 ba. Shi kuwa ya rayu har shekara 101, ya yi babban aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ban san yadda yake kwana ba, amma na tabbata ba irin kwanan waɗanda suka tura shi asibiti ba ne.

Har wanda aka saurara ma bai tsira ba. A 1942 wani hafsan sojan ruwan Amurka a Hawai, Joseph Rochefort, yana warware saƙonnin sirri na Japan, ya ce wurin da suke kira AF tsibirin Midway ne. Na Washinton suka ce a'a. Bai tsaya cacar baki ba, aka sa mutanen Midway su aika saƙo a fili cewa injin tace ruwansu ya lalace. Ba a jima ba aka kama saƙon Japan yana cewa AF na fama da ƙarancin ruwa. Kwamandansa Nimitz ya yarda da shi, aka yi kwanto, Japan ta rasa manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama guda huɗu a watan Yuni, yaƙin tekun ya juya. Ladansa? Waɗanda ya kunyata suka sa aka ɗauke shi daga wurin, aka ba shi kula da wurin gyaran jiragen ruwa. Sai bayan ya mutu aka ba shi lambar yabon wannan aiki. Dabarar ruwan nan ita nake so ka riƙe: musu da oga ba tsiwa ba ce, hujja ake kawowa wadda zai gani da idonsa. Ko Annabi Sulaimanu da alhudahuda ya kawo masa labarin Saba'u cewa ya yi za a duba a gani, gaskiya ya faɗa ko ƙarya. Alhudahuda kuwa bai ji tsoron cewa ya san abin da sarki bai sani ba.

Abin yana da baki biyu. Kamar yadda ba na so ka rage, haka ba na so ka ƙara. In oga yana son a ce an gano maɓoya, kai kuma ba ka tabbata ba, ka ce ba ka tabbata ba. Ka rarrabe masa abin da ka gani, da abin da aka faɗa maka, da abin da kake zato, kada ka dama su wuri ɗaya kamar fura. Mai kawo maka tsegumi a ƙauye wataƙila rikicin gona ne tsakaninsa da wanda yake nunawa. Kana sane da Tudun Biri, daren 3 ga Disamba 2023, mutane suna taron Mauludi, jirgin soja ya jefa musu bam, sama da 80 suka tafi, rundunar soja ta fito ta ce kuskure ne. Duk irin wannan, kafin a danna komai, akwai wanda ya dubi hoto ko ya saurari wani ya ce "su ne". Abba, in ka taɓa zama mai cewa "su ne" don kawai kada oga ya ɓata rai, ban san da wane ido zan dube ka ba. Ayar Hujurati, ta bincika labari kafin a auka wa mutane, ka haddace ta tun a allo, ba sai na maimaita maka ba.

In an ƙi jin maganarka, rubuta ta, sa kwanan wata, sa hannu, ta bi hanyar da doka ta tsara. Kada ka kai ta waje, kada ka kawo mini, kada ka faɗa wa matarka. In ƙarin girma ya makara saboda haka, ya makara. Gonar Kawu tana nan, ba mu sayar ba duk da abin da aka yi, ba za ka rasa tuwo ba.

Na yi tsauri, na sani. Mahaifiyarka ta leƙo sau biyu tana tambaya me nake rubutawa haka kamar mai jarrabawa. Ta ce in gaya maka ta ba direban nan yaji da kuka da man shanu, ka aika a karɓa kafin su bi ruwa, kuma ka riƙa azkar ɗin safe da yamma. Kullum kana cikin addu'ata bayan Asuba, kai na fara ambata tun kafin ka san ana yi. Ka gaishe da mai ɗakinka, ka shafa mini kan takwarana.

In ka gama karantawa ka kira ni. Akwai wuraren da na yi kuskure a wasiƙar nan, aikin naku ni a littafi na san shi, kai kana cikinsa. Ka nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Bayan Isha'i ya fi, lokacin gidan ya yi shiru.

Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.